Jita, Garaya da Kuntigi: Tarihin Adana Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya a Kano

Kayan kiɗa masu tsirkiya, wato waɗanda amonsu ke fitowa daga zare ko waya ko gashin doki da aka ɗaure tamau a kan ƙoƙo ko sassaƙaƙƙen itace, suna cikin tsofaffin kayan fasahar Hausawa, amma kuma suna cikin waɗanda aka fi sakaci da ajiyarsu, har ta kai zai yi wuya a ɗauko tsohuwar garaya ko molo ko gurmi a birnin Kano a bugi ƙirji a faɗi wanda ya haɗa ta, da garin da aka haɗa ta, da hannuwan da ta ratsa kafin ta iso inda take. A Turai da Amurka da Japan kuwa, tara jitar katako, wato jitar da ba ta buƙatar lantarki kafin ta yi amo, ya zama harka mai zaman kanta wadda ke da dillalai da kundaye da gidajen gwanjo, kuma abin da masu tarawa suka fi rububi a kansa shi ne ƙira mai ƙayyadadden adadi, wato samfurin da kamfani ya yanke tun farko cewa guda kaza kawai zai yi daga nan ya rufe. Tazarar da ke tsakanin waɗannan al'adu biyu ba ta tsaya ga bambancin arziki ba, domin Kano ba ta taɓa rasa masu kuɗin da ke sayen doki ko takobi ko alkyabba da tsada ba. Asalinta yana cikin yadda kowace al'umma ta ɗauki abin kiɗa da mai kaɗa shi.

Jita a siffarta ta yau ta daidaita ne a ƙasar Sifen a ƙarni na 19, a hannun wani masassaƙi mai suna Antonio de Torres wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ne ya faɗaɗa cikinta ya kuma tsara 'yan sandunan da ake mannawa a ƙarƙashin fuskarta don su riƙe katakon ba tare da sun danne amo ba. A ɗaya gefen teku kuma, wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ya buɗe shago a New York a 1833, ya koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe kamfanin Martin har zuwa wannan zamani. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin tarawa shi ne wata ɗabi'a da kamfanin ya ɗauka a 1898, ta buga wa kowace jita lambar jeri a cikin cikinta tare da rubuta lambar a littafi, saboda haka wanda ya leƙa ta ramin jitar ya karanto lambar zai iya sanin shekarar da aka ƙera ta. Da wannan littafi ne aka san cewa samfurin D-45, wanda aka fara yi wa mawaƙi Gene Autry a 1933 aka kuma ƙawata gefunansa da ɓawon katantanwar teku mai ƙyalli, guda 91 kacal aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu ya sa a dakata a 1942. Ƙarancin waɗannan 91 ƙaddara ce ta kawo shi, amma da kamfanoni suka lura da irin kuɗin da ƙaranci ke jawowa sai suka shiga ƙirƙirar sa da gangan, kamar yadda Martin ya yi a 1995 lokacin da ya fitar da samfuri mai ɗauke da sunan mawaƙi Eric Clapton ya kuma tsayar da adadinsa a 461.

Katakon ma yana da nasa rabon a cikin tsadar. Itacen da aka fi so a bayan jita da gefunanta wani jan itace ne mai ƙamshi na dazukan Birazil, wanda yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sanya a sahun da aka fi tsananta wa tun 1992, don haka tsohuwar jita da aka yi da shi ta zama abin da ba za a iya maimaitawa cikin sauƙi ba. Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga mutumin arewa ba, domin madobiya, wadda take dangi ce ta nesa ga wancan itace, ita ma an yi mata irin wannan sara a dazukan Taraba da maƙwabtanta ana lodin ta zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, har sai da aka shigar da ita cikin yarjejeniyar a 2017.

In aka juyo ga kayan Hausawa, abu na farko da ke bayyana shi ne cewa kusan dukkansu daga gona da daji da bola ake samo su. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soka masa sanda, aka ɗaura masa tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, ana goga ta da wani ɗan baka mai irin wannan gashi bayan an shafa masa ƙaro don ya kama. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya. Garaya tana da tsirkiya biyu a kan kwarya ta itace mai siffar ƙwai wadda aka lulluɓe da fata, ana kaɗa ta da ɗan guntun fata mai tauri, kuma asalinta ta mafarauta ce, da ita ake yi musu take da kirari, kafin ta zama abokiyar goge a fagen bori inda masu caki ke raka ta. Molo yana da tsirkiya uku a kan doguwar kwarya, gurmi kuma ƙoƙo ne da sanda ta ratsa shi, kuma a kowannensu akwai ɗan ƙaramin itace da ke ɗage tsirkiya daga kan fata, wanda makaɗa ke kira jaki saboda shi ne mai ɗaukar kaya. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge da sanyin safiya ko a tsakiyar damina ya san yadda yake kanga fatar kusa da garwashi yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa har ta ɗaure, domin laima na sassauta ta, hunturu kuma na iya tsaga ta. Ƙwarya na fashewa, gara da ƙwaro na cin itace, gashin doki na tsinkewa sili-sili, saboda haka abin kiɗan Bahaushe kullum cikin sauyi yake: yau a sake fata, gobe a sake sanda, bayan 'yan shekaru babu abin da ya rage na farkon sai suna.

A kan wannan kuma aka ƙara wani dalili, wato yawancin makaɗa su ne masu haɗa kayansu, ko kuma su sa wani na gida ko yaronsu ya haɗa, kuma ba a san al'adar sa hannu ko tambarin maƙeri a jikin abin ba. A idon mai sauraro darajar tana ga hannu da baki, wato ga gwanintar makaɗi da zaƙin muryarsa da iya jera magana, shi ya sa ake cewa gurmin Haruna Uji, ko kukumar Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Garba Supa, ko gogen Garba Liyo, alhali abin da ake nufi shi ne salon kiɗan, ba ƙoƙon da ke rataye a ɗaki ba. Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda ake yin cikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya. Da shi Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946, ya zaga ƙasashe ya kuma sami digirin girmamawa daga Jami'ar Jos kafin rasuwarsa ranar 20 ga Yuni 2015. Gwangwanin da mai shayi zai jefar shi ne ya ɗauki waƙar Karen Mota da sauran waƙoƙinsa zuwa kunnen miliyoyin mutane, kuma ko da an tara duk kayan da aka haɗa kuntigin da su ba za su kai kuɗin tsirkiyar jita ɗaya mai kyau ba.

Sai dai rashin ƙarkon kaya da rashin sa hannu ba su isa su bayyana komai ba, domin akwai kayan kiɗan da Hausawa suka adana da matuƙar kulawa. Tambura na fada ana gadon su daga sarki zuwa sarki, suna da ɗakinsu da masu kula da su da ranakun da ake buga su, kakaki kuma, wanda littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da shi ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yau alama ce ta sarauta wadda ba kowa ake busa wa ba. Abin da ya raba tambari da garaya matsayi ne. Malaman jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da Muhammadu Bello ɗan Shehu, sun yi rubutu kan hukuncin kiɗa, inda aka yi sassauci ga ganga idan don yaƙi ce ko kiran jama'a, amma aka tsananta kan abin da aka ɗauka lahawu ne, wato wasan da ke shagaltar da mutum daga ibada. Wani masani mai suna Veit Erlmann ya tattara waɗannan nassoshi na Larabci a wani littafi da ya fito a 1986. Kayan tsirkiya sun faɗa a ɓangaren da aka ƙi, saboda alaƙarsu da bori da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren shaye-shaye, kuma wannan tabo ya bi su har cikin ƙarni na 20. Attajirin Kano da zai yi alfahari da rataye tsohon takobin kakansa a zaure ba zai yarda a ga goge a bangon ɗakinsa ba, kuma sau da yawa makaɗin da ya tsufa ya ajiye sana'a yakan rabu da kayan gaba ɗaya a matsayin alamar tuba, 'ya'yansa ma ba su cika son a tuna musu ba. Abin da iyali ke jin nauyin a gani ba ya zama kayan gado.

Jita ta iso Kano ne ta hanyar da baƙin abubuwa da yawa suka biyo, wato layin dogo da ya iso birnin a 1911, da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau waɗanda suka zauna a Sabon Gari. A bakin teku matuƙan jiragen ruwa na ƙabilar Kru sun riga sun yaɗa ta, ta kuma shiga kiɗan hailaif da na majami'u, saboda haka a Kano ma a coci da otal da ƙungiyoyin badujala ta sami wurin zama, cikin birni kuwa ana kallon ta kayan baƙi. Bala Miller, ɗan Zariya, yana cikin ƙalilan da suka rera waƙar Hausa a kan jita da ƙahonni na zamani har ta karɓu a rediyo da talabijin. A Jamhuriyar Nijar labarin ya ɗauki wata hanya dabam, domin matasan Abzinawa da fari da gudun hijira suka kai Aljeriya da Libiya sun rungumi jita ta zama muryarsu, daga Abdallah Oumbadougou zuwa Bombino na Agadas da Mdou Moctar, amma su ma kaɗa ta suke yi har ta mutu a hannunsu, ba ajiye ta a gilashi ba.

A Kano abin da ya gaji garaya da kukuma a kunnen matasa ba jita ba ce, fiyano ce. Unguwannin Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Unguwa Uku, waɗanda ke cikin ƙaramar hukumar Tarauni a kudu maso gabashin ganuwa, sun cika ne da faɗaɗar birni bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, kuma a gefensu titin Gidan Zu ya zama matattarar ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa tun daga shekarun 1990. A irin waɗannan ɗakuna, mutum ɗaya da fiyanon Yamaha da kwamfuta yana fitar da amon goge da sarewa da kalangu ta hanyar danna maɓalli, ba sai an nemo mai goge an jira fatarsa ta ɗaure ba, kuma kuɗin da za a biya ƙungiyar makaɗa ya koma na sa'o'in situdiyo. Bikin aure a Darmanawa a yau lasifika da mai sa waƙa yake nema. Garaya ta koma hannun mafarauta da 'yan tsirarun masu riƙe da tsohuwar sana'a, kuma kowane tsoho da ya rasu a cikinsu yakan tafi da sanin yadda ake zaɓen itace da jiƙa fata da ɗaurin tsirkiya.

Ba daidai ba ne a ce Kanawa ba su da ɗabi'ar tarawa a fagen kiɗa. Abin da suka tara shi ne murya. Daga faifan garmaho zuwa kaset ɗin da kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna da shi, akwai mutanen da suka cika akwatuna da Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Haruna Uji, suna bambance ɗaukar rediyon Kaduna da ɗaukar gidan biki, suna kuma ƙin ba da aron kaset ɗin da suka san babu irinsa, wanda wannan shi ne ainihin halin mai tara jita a wata ƙasa. Yau wannan taska ta koma cikin memori, ana tura ta a shagunan kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a kan kuɗi kaɗan. Masana ma murya da kalma suka fi bi: littafin David Ames da Anthony King na 1971, wanda aka gina kan bincike a Zariya da Katsina, ya tsare sunayen kayan kiɗa da sassansu, ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma sun tsare tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Abin da ya faɗi a tsakani shi ne ƙoƙon kansa.

Amfanin ajiye ƙoƙon ya bayyana a tarihin banjo, abin kiɗan da bayin Afirka ta Yamma suka haifar a tsibiran Karebiyan kafin ya zama na Amurka. Hujjojin da masu bincike ke dogara da su ƙalilan ne: zanen da ke cikin littafin Hans Sloane na 1707 kan Jamaika, da wani banjo na ƙwarya da wani soja mai suna John Gabriel Stedman ya ɗauko daga Suriname a shekarun 1770, wanda ke ajiye a birnin Leiden na ƙasar Holan. Da wannan ƙwarya guda ake kwatanta yadda sanda ke ratsa ciki da yadda jaki ke zama a kan fata, ana neman danginsa a cikin akontin na Jola a Senegal da Gambiya da gurmin Hausawa da sauran 'yan uwansu. Da Stedman bai rubuta inda ya samo shi ba, da yanzu tsohuwar ƙwarya ce kawai. Kusa da gida kuma akwai labarin biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale na masuntan Buduma a tafkin Chadi, wanda ya rage a hannun tsoho ɗaya, Boukar Tar, har sai da Malam Maman Barka, gwanin gurmi na Nijar kuma ma'aikacin cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ya je ya zauna wurinsa a 2002 da tallafin UNESCO ya koya. Maman Barka ya rasu a 2018, amma ya bar kiɗan da aka ɗauka da almajirai da kayan da za a iya dubawa.

Ko a kasuwar jita ta Turawa, in aka bi diddigi, hannun makaɗi ne ke yanke farashi na ƙarshe. Jitar Martin samfurin D-18E ta 1959, ɗaya daga cikin 302 da aka ƙera, ba ta yi farin jini ba a zamaninta har kamfanin ya daina yin ta, amma da yake ita mawaƙi Kurt Cobain ya riƙe a wani wasan talabijin na 1993, sai aka sayar da ita a gwanjo a watan Yunin 2020 kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Ashe nan ma ra'ayin bai yi nisa da na Bahaushe ba, cewa abin kiɗa da mai shi ake auna shi. Bambancin kawai shi ne can akwai takarda da ke tabbatar da cewa wannan jitar ce ba wata ba, kuma wannan fasaha ta shaidar asali ba baƙuwa ba ce a Kano, inda mai kwafar littafi ke rubuta sunansa a ƙarshen shafi, malami ke ba da ijaza da salsalar malamansa, dillalin doki kuma ke iya jero uwa da uban dabbarsa. An san yadda ake yi, ba a dai ga garaya ta cancanta ba.

Gidan Makama, wanda aka danganta gininsa ga zamanin Rumfa yake kuma ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da Gidan Ɗanhausa, inda wani Bature mai suna Hanns Vischer ya zauna ya kafa makarantar boko a Nasarawa a 1909 yake kuma mazaunin hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano a yau, su ne wuraren da suka fi dacewa da wannan aiki, tare da sassan nazarin Hausa na jami'o'i. Goge da aka rataye a bango babu suna babu shekara ado ne, ba ya amsa tambayar mai bincike. Abin da ake buƙata bai kai tsadar jita ɗaya ta gwanjo ba: a je wurin iyalan makaɗan da suka rasu da waɗanda ke raye a Kano da Haɗeja da Funtuwa da Jos da Maraɗi, a karɓi kayan da yardarsu da kuma biyan haƙƙinsu, a rubuta sunan mai shi da wanda ya haɗa da irin itace da fata da shekarun da aka yi ana kaɗawa, a ɗauki muryar abin a hannun wanda ya iya, sannan a ajiye shi inda laima da gara ba za su kai gare shi ba. Masu iya ba da wannan bayani tsofaffi ne, kuma ya kamata hukumomin da abin ya shafa su isa gare su tun suna da ƙarfin yin magana.